Tagullar da Appa Ya Zuba

Tirunelkudi, 3 ga Maris, 1998

Ƙanena Kadiresan,

Tambi, ina gaishe ka, ina gaida Malliga da ɗiyarmu Tamarai. Mu nan lafiyar jiki dai akwai, ina fatan ku ma haka. Na ji an sa ranar auren Tamarai a watan Yuni. Na yi murna, ko da yake a bakin gwaggo na ji, ba a bakinka ba.

Ban kira ka a wayar shagon Cettiyar ba, domin duk abin da mutum ya faɗa a wurin, kafin ya iso gida maganar ta riga shi. Shi ya sa na ɗauki takarda.

Ka san bana za a yi babban bikin tsarkake haikali. An kafa katakai jikin hasumiya, masu fenti suna ta aiki, an ja karusa waje ana gyara mata ƙafa. Ranar Litinin ta makon jiya ma'aikatan kula da kayan tarihi suka zo daga Madras, su uku, shugabarsu wata mace mai tabarau. Sun wuni suna kwafar rubutun bango, wanda ke lissafa gonakin da sarkin Cola ya ba haikali. Da yamma suka ce a fito musu da siffar tagulla ta Amman, Uwar da garinmu ke bauta wa, wadda ake zagaya gari da ita. Na tashi daga koyarwa a makaranta na kai furanni, don haka ina tsaye a wurin.

Matar ta zaro wani tsohon hoto da wani Bature ya ɗauka kafin a haife ka. Ta dubi hoton, ta dubi Amman, ta sake duban hoton. Ta sa aka auna tsayinta, aka ɗora ta a sikeli. Sai ta juya wajen mai hidimar haikali, Natesa Gurukkal, ta ce, "Sami, wannan ba ita ba ce."

Rajangam Pillai, shugaban kwamitin haikali, ya yi tsalle ya ce, "Me kike nufi ba ita ba ce? Uwarmu ce za mu kasa ganewa?"

Ta ce, "Ta cikin hoton nan shekara dubu ana yi mata wanka, hancinta da yatsunta duk sun suɗe. Wannan ba ta kai shekara talatin ba. Aiki ne mai kyau, amma sabo ne."

Gurukkal ya matsa kusa. Ya ɗauki mayafin Amman ya rufe mata kafaɗa, kamar mai jin tsoron kada ta ji sanyi.

Ranar Laraba 'yan sanda suka tafi da shi. Shekara arba'in mabuɗin yana ɗaure a ƙugunsa, to wa za a tambaya in ba shi ba? Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, wanda ya ɗaura aurena, ya raɗa wa 'yarka suna.

Abin da ya sa na rubuto shi ne babanmu, Appa. Da na kawo masa labari yana maƙera yana goge wata fitila. Ya ajiye magagari ya ce, "Natesa suka ɗauka?" Na ce e. Ya sake cewa, "Natesa?" Tun daga nan bai ci abin kirki ba. Na dama masa kunun shinkafa, ya kurɓa sau biyu ya ture. Na san abokinsa ne tun suna yara, amma wannan ya wuce baƙin cikin aboki. Ka zo, Tambi. Na san tsakaninku ba daɗi, amma ka zo.

Ka ce wa Malliga ta gaida kowa, in ji ni. Amman ta tsare ku.

Yayarka,
Senbagam


Koyambatur, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga Akka mai daraja,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta same ni, na fahimci abin da ke ciki. Muna lafiya.

Ba zan sami zuwa ba a yanzu. Aiki ya yi yawa a masana'anta, ga kuma shirin biki.

Ga shawarata, kuma ina roƙon ki bi ta. Kada ki shiga wannan magana. Kada ki je gidan Gurukkal, kada ki tsaya inda ake taɗinta. Idan wani ya zo yana neman Appa don ya duba aikin tagullar, ki ce ba shi da lafiya. Abin da ya fi ma, ki ɗauke shi ku tafi Kumbakonam wajen gwaggo har abin ya lafa. Ba su da shaida a kan Gurukkal, za su sake shi.

Malliga tana gaishe ki. Ki kula da kanki.

Ƙanenki mai biyayya,
Kadiresan


Tirunelkudi, 21 ga Maris, 1998

Tambi,

Ina gaishe ku, ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba zan ce ina lafiya ba.

Na karanta takardarka sau uku ina neman ƙanena a ciki ban same shi ba. Kamar magatakardan kotu ne ya rubuto. Wai in ɗauke Appa. Buhun shinkafa ne shi?

Ka yi gaskiya a abu guda, sun saki Gurukkal bayan kwana tara. Amma da ka gan shi da ba ka kira wannan saki ba. Kwamiti ya karɓe mabuɗin, an kawo wani daga Mayavaram yana hidima a madadinsa. An dakatar da bikin. Karusa tana nan tsaye a bakin titi da ƙafa uku, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Garin ya rabu biyu. Masu saƙa na titin kudu sun ce ba za su sake kai ko kwakwa ɗaya haikali ba, tun da shekara da shekaru ga tukunya suke durƙusawa. Mutanen titin arewa sun ce duk wanda ya kira Uwa tukunya sai sun fasa masa baki. An yi dambe a shagon shayi har an karya benci.

Shekaranjiya da safe aka wayi gari an shafa kashin shanu a ƙofar Gurukkal, an rubuta ɓarawo da gawayi. Matarsa, Kamalam Mami, ita kaɗai ta fito da guga tana wankewa, mutane suna wucewa suna kallon wani gefen. Ka ce kada in je. Na je. Na karɓi tsintsiya a hannunta. Ta ce mini, "Senbagam, yau kwana biyar bai yi magana ba. Da asuba sai ya tashi ya yi wanka, ya shafa toka, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa."

Yanzu ga abin da nake so ka amsa mini. Jiya na hau saman maƙera neman tsohuwar tabarma, na ci karo da akwatin kwano. A ciki akwai littafin zane. Shafi shida duk Amman ce, gaba da baya da gefe, da awon kowace gaɓa, daga goshi zuwa haɓa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Zanen na Appa ne. Rubutun awon kuwa naka ne. Kada ka ce mini ba naka ba ne, ni na kama hannunka na koya maka rubutu, na san yadda kake karkatar da bakwai.

Na kai wa Appa littafin a dakali. Ya dube shi ya daɗe. Na ce, "Appa, mene ne wannan?" Ya ce, "Tambayi ƙanenki. Shi ya fi ni ƙarfin hali, shi ya iya tafiya."

To na tambaye ka. Shekara ashirin da huɗu ina ɗauka kun ɓata ne don ka ƙi sana'ar gado ka zaɓi zuba bututun famfo. Ina gidan miji a lokacin, abin da aka gaya mini ke nan. Ka faɗa mini gaskiya.

Yayarka da ke jiran amsa,
Senbagam


Koyambatur, 28 ga Maris, 1998

Akka,

Ina gaishe ki. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun na yaga. Ko Malliga ba ta san abin da zan faɗa miki ba.

Shekarar da kogi ya cika ya cinye gadar gabas ce. Ina da shekara sha tara. Mahaifin Gurukkal ya rasu, Gurukkal ya ɗauki tokar gawarsa ya tafi Kasi, birni mai tsarki, tafiyar wata biyu. Ya bar mabuɗi a hannun Sokkalingam Pillai, uban Rajangam, shi ne shugaban kwamiti a lokacin. Pillai ya ɗauko wani baƙo daga nesa ya riƙe hidima.

Wata safiya Pillai ya zo maƙera da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa Appa, "Masilamani, wuyan Amman ya tsage. Shi ya jawo ambaliyar nan. In mutane suka ji, garin nan zai watse. Ka zuba wata irinta sak, a asirce. Tsohuwar zan ajiye ta a ɗakin ibadata, in Natesa ya dawo a binne ta yadda ya kamata."

Da tsakar rana, lokacin da ake rufe haikali kowa yana barci, muka riƙa shiga muna awo. Appa yana zane, ina rubutawa. Tun ranar farko na shafa wuyanta, Akka. Babu tsaga. Na dubi Appa, ya kawar da kai ya ce, "Rubuta, yatsa huɗu da rabi."

Kwana arba'in muka yi. Ni na cuɗa kakin zuma, ni na ɗebo yumɓu a bakin kogi, ni na ja zugazugi. Ba zan ɓoye miki ba, da muka fasa yumɓun ta fito, sai da na yi hawaye don kyanta. Appa bai taɓa yin aiki kamarsa ba, kuma ya san haka. Ya jiƙa ta da tsamiya da toka ya binne ta mako guda don ta yi duhu.

Ranar canji ni na saɓa tsohuwar a kafaɗa, a naɗe cikin buhu, na kai bayan injin shinkafar Pillai. Ba ɗakin ibada aka kai ta ba. Wata baƙar mota ce mai lambar Madras, da wani mutum mai takalmin fata yana shan taba. Ya buɗe buhun ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya yi murmushi. Uwar garinmu ya ƙwanƙwasa kamar mai sayen kankana.

Na dawo na ce wa Appa sayar da ita aka yi, mu je mu faɗa. Ya mare ni. Ya ce, "Wa za ka faɗa wa? Ƙasar da maƙerar nan take kai ta haikali ce, Pillai ke da iko da ita. Kuma hannun wa ke jikin sabuwar? Nasa ko namu?" Bayan mako biyu na hau jirgin ƙasa. Tun daga ranar ban sake zuba wani abu mai fuska ba.

Kin ce in faɗi gaskiya, ga ta. Yanzu ki saurari sauran. Sokkalingam ya mutu. Rajangam ba zai yarda a taɓa sunan ubansa ba, kin kuma san mutanen da yake zama da su. In maganar ta fito, Appa da ni za a kama. Dangin yaron da zai auri Tamarai masu ibada ne ƙwarai, uban yaron kowace shekara sai ya taka zuwa haikalin Palani a ƙasa. Kina ganin za su ɗauki 'yar wanda ya saɓa Amman ya kai wa ɓarawo?

Kuma ki tambayi kanki wani abu. Gurukkal kullum da hannunsa yake yi mata wanka. Kina jin bai gane ba? Shi ma ya yi shiru. Kowa ya yi shiru, Akka. Ki ƙona littafin, ki ƙona takardar nan. Na roƙe ki don Tamarai.

Ƙanenki,
Kadiresan


Tirunelkudi, 8 ga Afrilu, 1998

Tambi, ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Malliga da Tamarai. Na yi kuka a kan takardarka. Na yi fushi da kai, sannan na tuna shekarunka a lokacin, ɗaliban da na koyar ma yanzu sun wuce waɗannan shekarun.

Takardarka na ƙona ta kamar yadda ka ce. Littafin ban ƙona ba, ba nawa ba ne.

Tambayar da ka ce in yi wa kaina, Gurukkal na kai wa. Na same shi a tsakar gida yana tsinke ganyen zogale, aikin da bai taɓa yi ba. Na ce, "Sami, kun sani?"

Ya ce, "Tun safiyar da na dawo daga Kasi. Na zuba mata madara, na kai hannu kumatunta, na ji ba su ba ne. Na juya ta na duba bayan kunnenta. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan yake gama bayan kunne kamar za a gani."

Na ce, "To me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ya ce, "Na je wajen Pillai. Ya ce in na buɗe baki, Masilamani zai fara shiga kurkuku, ni in bi shi. Na ji tsoro, 'yata, kada ki ɗauke ni waliyyi. Na dawo na rufe ƙofa, na yi wa sabuwar duk abin da ake yi, na roƙi Uwa ta sauko ta zauna a cikinta. Ni dai a wurina ta sauko. Shekara ashirin da huɗu ina ciyar da ita."

Na ce, "A kwana taran nan ba su tambaye ku wa ya ƙera ta ba?"

Ya ce, "Safe da yamma."

"Me kuka ce?"

"Na ce ni mai wanka ne, ban san ƙira ba."

Na dawo gida na faɗa wa Appa kalma da kalma. Ban nemi shawararka ba, ka yi haƙuri. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ya duba bayan kunne?" Na ce e. Ya rufe fuska da tawul ɗinsa, kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya ce in zuba masa abinci. Ya cinye shinkafa da nono tas, karo na farko cikin wata guda.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna a zauren ginshiƙai, rabin gari yana wurin. Appa ya sa farin zanensa, ya ɗauki littafin, ya ƙi in riƙe masa hannu. Ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ni Masilamani, ni na zuba ta. Sokkalingam Pillai ya sa ni. Natesa yana Kasi, bai san hawa ba bai san sauka ba."

Wurin ya kaure da hayaniya. Rajangam ya yi dariya ya ce, "Kaka, rana ta buge ka. Wa ya bar tsohon nan ya fito?" Appa ya ɗaga littafin. Rajangam ya daina dariya ya ce, "To ga ɓarawon ya kawo kansa. Ya ƙera, ya sace, yanzu yana so ya rataya wa mamaci, don mamaci ba ya magana. Wa ya ga mahaifina? Kawo mutum ɗaya!"

Appa ya ce, "Ni kaɗai na yi aikin."

Ka ji, Tambi? Haka ya faɗa a zaure, haka ya maimaita wa 'yan sanda. Sufeto ya nuna masa rubutun awon ya ce na wane ne, ya ce nasa ne, da yana saurayi hannunsa daban. Sun bar shi ya dawo gida saboda tsufa, amma an ce ranar ashirin ga wata za a kai shi gaban alƙali a Tanjavur. Lauyan da na samo ya ce in babu wanda ya ga inda tsohuwar ta tafi, duk laifin a kansa zai ƙare, kuma babu wanda zai nemi motar ko mai motar.

An jefi rufin maƙera da duwatsu. Shugaban makaranta ya ce in ɗan huta a gida. Mai nono ta daina tsayawa a ƙofarmu. Mabuɗi kuma ba a mayar wa Gurukkal ba, an ce ai bakinsu ɗaya da abokinsa. Amma jiya da yamma ya tako har gidanmu, a gaban kowa, ya zauna a dakali kusa da Appa. Na kawo musu kofi, suka bar shi ya huce.

Appa ya ce in gaya maka kada ka zo, ka aurar da 'yarka. Na isar da saƙonsa. Nawa saƙon ban san mene ne ba. Da safe in ce ka zo, da yamma in tuna Tamarai in ce kada ka zo. Ba zan zaɓar maka ba.

Amman ta duba mu duka, kowacce ce daga cikinsu.

Yayarka,
Senbagam


Koyambatur, 15 ga Afrilu, 1998

Akka,

Ina gaishe ki, ina gaida Appa.

Na zaunar da Malliga da Tamarai na faɗa musu. Washegari na je na faɗa wa uban yaron da bakina, kafin ya gani a jarida. Ya saurare ni a tsaye, ya ce za su yi shawara. Jiya suka aiko aka karɓi zoben baiko.

Malliga ba ta yi mini magana. Tamarai ta shiga ɗaki ta rufe, ta wuni. Da ta fito idonta a kumbure, abu ɗaya ta tambaye ni, ko na tuna fuskar mai motar. Na ce har zobensa na tuna. Ta ce, "To me kake jira, Appa?" Sannan ta koma ta sake rufe ƙofa. Ban sani ba ko izini ta ba ni ko kora ta yi.

Zan hau motar safiyar Lahadi. Ki gaya wa lauya ya jira ni ranar Litinin. Kada ki faɗa wa Appa, zai ce a mayar da ni daga tasha.

Ki zo ki tare ni, Akka. Ba na jin zan iya bin titin nan ni kaɗai.

Ƙanenki,
Kadiresan